Na sauke mota, linkej na hagu ya ƙi shiga sai da danniya

Mai Golf 5: Assalamu alaikum. Na sa wa motata shokazoba mai zare, wadda ake kira koyiloba, na sauke ta da milimita 40 gaba da baya. Da muka zo mayar da linkej, wato ɗan sandan da ke haɗa ƙarfen istabilaiza (ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage karkatar mota a kwana) da jikin shokazoba, na dama ya shiga salin alin, amma na hagu sai da yaron gareji ya danne ƙarfen da rodi kafin ƙusar ta shiga raminta. Tun ranar nake jin ƙwas-ƙwas a kan gargada, kuma yadda motar ke shan kwanar dama ya bambanta da yadda take shan ta hagu. Wane linkej zan saya, gajere ko dogo?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, matsalar tana wurin rodin nan. Istabilaiza sifirin ne mai aiki ta hanyar murɗewa, kuma bai kamata ya murɗe ba sai lokacin da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya dannuwa, kamar a kwana. Da aka tilasta ƙusar, an bar shi a murɗe alhali motar tana tsaye, yana danne ƙafa ɗaya yana ɗage ɗaya, shi ya sa kwanonin biyu suka bambanta. Ka sayi linkej mai zare wanda ake ƙara wa tsawo ko a rage. Irin na Whiteline da SuperPro na sha ɗaurawa, ban ji kunya ba.

Injiniya: Baba ya yi gaskiya, sai dai kada a ɗora wa saukewar kanta dukkan laifin. Da an sauke ɓangarorin biyu daidai wa daida, ƙarfen zai juya ne kawai a cikin bushin ɗinsa ba tare da murɗewa ba. Murɗewar tana zuwa ne daga bambancin hagu da dama, ko kuma daga ɗaurin da aka yi alhali jak ya ɗaga ƙafa ɗaya, ɗayar tana ƙasa. Batun gajere ko dogo kuwa ba shi da amsa guda. Inda linkej ya taso daga hannun ƙasa zuwa ƙarfen, saukewa takan bukaci gajere. Inda ya sauko daga jikin shokazoba, kamar gaban Golf 5, ya danganta da wurin da kamfanin koyiloba ya kafa kunnen da ake ɗaurawa, kuma kowane kamfani da nasa. Ka auna tazarar ramin ƙarfen da ramin kunnen motar tana kan ƙafafunta, sannan ka sayi wanda awonka ya faɗo a tsakiyar zarensa.

Mai Golf 5: Baba, yaya ake saitin? A kan jak za a yi?

Tsohon Bakanike: Ko kusa. A kan ramin gareji za a yi, daɓe a baje, tayoyi huɗu a ƙasa, iskarsu daidai. Ka zauna a kujerar direba, ko a aza buhu mai nauyinka. A kwance linkej duka biyu, a gangara motar gaba da baya kaɗan, a danna ta sau biyu ko uku don sifirin ya zauna. Daga nan a ɗaura na ɓangare ɗaya da tsawon da zai sa hannun ƙarfen ya kwanta kusan daidai da ƙasa. Na biyun shi ne aikin: a riƙa juya zarensa har ƙusar ta zame cikin raminta da yatsu kawai, babu guduma, babu rodi. Sai a ƙulle notocin da ke riƙe zaren. A tabbata zaren ya shige ciki aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurin sandan, wato milimita 15 a sanda mai kauri 10. Na taɓa ganin wanda aka bar wa zare uku kacal, ya tsinke a rami na farko.

Direban Dogon Zango: Shawarata game da kan linkej ɗin ce. Akwai mai buɗaɗɗen ƙwallo irin na motocin tsere, yana da kyan gani, amma ƙurar hunturu tana cinye shi, ya fara ƙara da wuri. Ka nemi mai rufin roba da giris a ciki.

Injiniya: Bayan an ɗaure, a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, sannan a ɗaga gaban motar ƙafafun su sake, a duba ko linkej ko ƙarfen yana gogar shaf ko tiyon birki. Idan kuma kana da niyyar sake taɓa tsayin, ka gama da shi tukuna, domin ko zagaye biyu aka juya zoben koyiloba na ɓangare ɗaya sai an sake wannan saitin.

Mai Golf 5: Mun yi yau da safe, ina zaune a kujerata. Na hagu ya tashi ya fi na dama tsawo da milimita 6, kuma ƙusar ta shiga da yatsa. Ƙarar ta ɗauke. Gobe zan kai ta a yi mata alaimen. Allah ya saka da alheri.