Mama ta yi barci: mu kai ta Kwoi ko mu binne ta a Kaduna?

Maman Godiya:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Mahaifiyarmu ta yi barci cikin Ubangiji ranar Talata da asuba, tana da shekara 78. Ta bar mu mu biyar da jikoki 14. Duk wanda ya taɓa yin sujada a cocinmu na ECWA a Sabon Tasha ya san ta, ita ce mai buga tulu a Zumuntar Mata, sama da shekara 40 ba ta ajiye zanen zumunta ba. Da kuɗin citta da ƙosai ta sa mu makaranta. Ita kanta a ajin mata na coci ta koyi karatu, don kawai ta buɗe Littafi Mai Tsarki da hannunta. Da idonta ya yi rauni, jikoki ne ke karanta mata Zabura 23, in sun tsallake layi ta gyara musu da ka.

Yanzu kawunnanmu sun ce dole a kai ta garin Kwoi, can kudancin jihar Kaduna, kusa da kabarin Baba. Yayanmu da ke Ingila ya ce a jira shi mako uku. Ita kuwa ta sha faɗa mana kada mu wahalar da kanmu a kanta. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, nawa kuka biya a mutuware kowace rana, nawa ne motar gawa zuwa Kwoi, kuma jiran ya yi muku amfani?

Anti Zumunta:
Wayyo, Allah ya ta'azantar da ku ɗiyata. Ku fara sayen anko tun yau, teloli ba sa cika alkawari. Kuma ku ɗinka wa jikoki kala daban.

Ɗan Kafanchan:
Sannu da rashi. Mu dubu biyu muka riƙa biya a rana bara, ban da kuɗin allurar gawa. Motar gawa dubu tamanin. Ku tashi da sassafe, kada dare ya same ku a hanyar Kachia.

Baban Yara:
Dubu tamanin? A wace ƙasa? Mu dubu ɗari da hamsin muka ba da, kuma mu muka zuba mai.

Marainiya:
'Yar'uwa, kafin maganar mota ki je ki duba katin Mama na coci. Tawa uwar shekara 30 tana sharar majami'a duk ranar Asabar, ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Ba zan kama sunan cocin ba. Ta kwanta ciwo shekara biyu, shanyewar ɓarin jiki, ni kaɗai nake juya ta, nake wanke ta. Dattijo ɗaya ne ya taka ƙofarmu, sau ɗaya. Ran da ta rasu muka je sa ranar jana'iza, sai aka ɗauko littafi aka ce tana da bashin kuɗin gini da na zumunta na shekara biyun da take kwance. Matar da ba ta iya ɗaga cokali! Sai da na sayar da keken ɗinkina na biya. Ranar biso kuwa wanda ya ɗauko littafin shi ne ya tsaya a bagadi yana cewa uwa ce a gare su duka. Na zauna a gaba ina kallonsa, hawayena ma ya ƙi zuwa. Har yau in na ji waƙar da suka rera ran nan sai in fita waje.

Maman Godiya:
Kai, sannu 'yar'uwa, Allah ya warkar miki da zuciya. Mu dai matan zumunta ba su bar gidanmu ba tun ranar Talata, su ke dafa mana abinci.

Tsohon Malami:
Yarana, ku saurari babba. Tun da aka kafa ECWA a 1954 iyayenmu ba su san ajiye gawa ba. A mutu da safe, a binne da yamma, a tabarma ko akwatin da kafintan unguwa ya haɗa. Maƙwabtanmu Musulmi har yau haka suke yi, ba wanda ya ci bashi. Ku bi maganar marigayiyar.

Baban Yara:
Baba, da girmanka, lokacinku ba wanda ɗansa ke Ingila. Ni ban ga fuskar mahaifiyata ba, ina Legas aka rufe ta. Shekara 9 ke nan ban yafe wa ƙannena ba.

Tsohon Malami:
Na binne iyaye biyu da mata ɗaya. Kai nawa ka binne da za ka koya mini?

Marainiya:
Ba yawan gawa ba ne Baba. Wanda ya yi jinya shi ya kamata a ji maganarsa. Kawunnan da ke cewa Kwoi, su nawa suka zo asibiti?

Autan Narayi:
Ni dai a sanar da ni inda za a raba shinkafa, Kwoi ko Kaduna, zan zo da kwanona.

Anti Zumunta:
Auta, ba wurin wasa ba ne nan. Amma ya taɓo gaskiya. A bison surukata buhun shinkafa biyar ya ƙare kafin fasto ya sa albarka. Mutanen da ba su taɓa kawo mata ko ƙullin kunu ba, su ne suka yi fushi wai ba su sami nama ba, har da masu zuba abinci a leda.

Ɗan Kafanchan:
Mu sai da dangin uba suka ba mu takarda: akuya biyu, kaji, da kuɗin masu haƙa kabari. Kafin a rufe ramin ma an fara tambayar gonar cittar marigayiya.

Maman Godiya:
Gonar Mama ma an riga an yi mini waya a kanta jiya. Littafin waƙoƙinta kawai na ɗauka na ɓoye, wanda ta naɗe da tsohon zanen zumunta. Don Allah mai lambar direban da ya san hanyar Kwoi ya turo mini, gobe da yamma za mu zauna da kawunnan.

Marainiya:
Ki tafi da takardun gonar wurin zaman. Kada ki bar su a ɗakinta.