Abin da aka tattaro kan duba rubutu da gyara shi

Na bi maganganun da aka yi a tattaunawarmu kan yadda marubuci zai duba rubutunsa ya gyara shi, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda kada a gyara rubutu da ɗuminsa. A bar shi ya kwana, domin idon marubuci yakan cike kalmar da hannunsa ya tsallake.

2. A fara da tsari: maimaici, sakin layin da ba a muhallinsa yake ba, jimlar da ta cika tsayi. Waƙafi da aya sai daga baya.

3. An fi daɗewa kan haruffa masu lanƙwasa da raba kalmomi, kuma sun cancanci hakan. Ni kaina na taɓa rubuta "ya bata kuɗin" ina nufin "ya ba ta kuɗin", mai karatu ya ɗauka ɓatar da su aka yi.

4. Karantawa a bayyane: inda numfashi ya sarƙe, akwai gyara.

An rabu kan ba wa wani ya duba. Wasu sun ce baƙon ido ya fi gani, wasu na tsoron a sauya musu salo. Ina tare da na farko, muddin marubucin ne zai yanke hukuncin ƙarshe.