Baba na so ya ga tsofaffin coci-cocin Suffolk: ta ina zan fara?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin jinya, muna zaune a wani ƙauye kusa da Sudbury a yankin Suffolk na ƙasar Ingila. Mahaifina zai zo mana wata mai kamawa, kuma shi magini ne tun kafin a haife ni. Na tura masa hoton cocin ƙauyenmu, sai ya kira yana tambaya wane irin dutse ne wannan baƙi mai sheƙi, kuma da me aka riƙe shi. Kunya ta kama ni, kullum ina wuce ginin amma ban taɓa tsayawa ba. Kwana biyu kacal zan samu hutu, ga shi gwiwa na damunsa. Ina zan kai shi? Kuma mu Musulmi ne, ana barin kowa ya shiga?

Malam Bitrus:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki, babu mai tambayar ki addini a ƙofa. Yawancinsu a buɗe suke da rana, ba a biyan kuɗi, sai dai akwatin gudunmawa ga wanda ya ga dama. Ki kauce wa safiyar Lahadi saboda sujada.

Ki fara da cocin Holy Trinity a Long Melford, yana nan kusa da ku. Attajiran da suka yi arziki da ulu da saƙa ne suka sake gina shi a ƙarshen ƙarni na 15, sunayensu ma na nan a sassaƙe a saman bango ta waje, suna roƙon a yi musu addu'a. Dutsen da Baba ya gani dutsen ƙyastu ne. Yankin ba shi da dutsen gini mai kyau, don haka sai su fasa ƙyastun gida biyu, su juyo da baƙar fuskarsa waje, su jera shi cikin farin dutsen da aka yanka, su riƙe da farar ƙasa. Na taɓa shafa bangon da tafin hannuna, sumul yake, da ƙyar farce zai shiga tsakani. Ki bar shi ya tsaya a nan iya son ransa. A ciki kuma ku nufi tagogin arewa, akwai tsohon gilashi mai launi da hotunan masu ginin a durƙushe. Irinsa kaɗan ne ya tsira, don an farfasa da yawa a Suffolk a 1644.

Hajiya Uwani:
Ni dai Lavenham ta fi shiga raina. Kamar mil 4 ne daga Long Melford. Hasumiyar cocinsu ƙafa 141 ce, an gama ta wajen 1525. Amma magini zai fi tsayawa kan gidajen katakon cikin gari, wasu sun karkace kamar za su faɗi, kuma har yau da mutane a ciki. Guildhall, tsohon zauren taro na katako a garin, na hannun National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi, shi ana biyan kuɗin shiga. Ki ɗauki mota 'yata, kada ki dogara da bas ɗin ƙauye da dattijo mai ciwon gwiwa.

Ɗan Bury:
Rana ta biyu ku zo Bury St Edmunds. Kangon babban gidan ibadar da aka rufe a 1539 zamanin Sarki Henry na 8 yana cikin lambu, kyauta ne, ga kujeru ko'ina. Mutanen gari sun kwashe farin dutsen suka yi gini da shi, sai cikin bangon ya rage tsirara. Baba zai ga yadda aka cika shi da ƙyastu.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Ɗazu na leƙa cocin ƙauyenmu na tarar a kulle, amma an liƙa takarda a ƙofa mai nuna gidan da mabuɗi yake. Malam Bitrus, ana barin ɗaukar hoto a ciki? Baba zai so ya nuna wa yaran da ya koya wa gini.