"Suna linzami ne": a hannun wa yake?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a gidan biki a unguwar Asawase ta Kumasi cacar baki ta kaure kan wanda aka ɗauko dafa abinci. Wata ta kira shi ɗan daudu, ƙanwarta 'yar jami'a ta ce ai yanzu mai sauya jinsi ake cewa, shi kuwa ya ce a bar shi ya ji da tukunyarsa. Sai wani dattijo ya ce "suna linzami ne", kowa ya yi tsit. Bayan wa ya goya?

Malam Ƙarami: Wa alaikumus salam. Nufinsa sunan da ka amsa shi ke jan ka. Yarinyar kuma ta cakuɗa abubuwa. Mata-maza halitta ce, a fikihun Malikiyya har gado an yanka musu, rabin kason namiji da rabin na mace idan an kasa tantancewa. Daudu hali ne da sana'a, da yawansu da mata da 'ya'ya. Mai sauya jinsi shi ne mai cewa jinsin da aka haife shi da shi ba shi yake ji a ransa ba.

Yaya Mai Atamfa: Allah gafarta Malam, doki ke sa wa kansa linzami? Ai mahayi ne. Mai kiran aka ja wa kunne.

'Yar Alabar: Kun tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. Wake da shinkafa take sayarwa a bakin tasha, tana da wani mai taya ta, ya ɗaura zani har ƙirji, murya a lanƙwashe. Asantawa su ce Kojo Besia, namu su ce ɗan daudu, abokansa su ce Hajiya. Ita ba ta taɓa kiran ko ɗaya ba, "ɗan nan" kawai. Ranar da ya rasu aka tsaya jan ƙafa kan wa zai yi masa wanka, ta fito da muciya a hannu ta ce wa mazan unguwa: "Lokacin da kuke cin bashin wakensa ba ku tambayi ko wane ne ba." Kafin la'asar an kai shi maƙabartar Tafo.

Malam Ƙarami: To maza suka wanke shi, ko ba haka ba?

'Yar Alabar: Maza. Amma kuka, mata suka yi.

Direban Kejetia: Ku bar batun suna. Majalisar Ghana ta zartar da dokar nan ta hana luwaɗi da maɗigo a Fabrairun 2024, ba a sa mata hannu ba har wa'adin ya ƙare. Wani onarabul ya yi ta kumfar baki a rediyo, kwatar unguwarmu na nan tana wari.

Ɗan Aboabo: Wanda ya sauya jam'iyya? Shi wane suna za mu sa masa?

Yaya Mai Atamfa: Kada dai ku ce ɗan daudu. Su suna aiki.

Direban Kejetia: Shi linzami ya fi ƙarfin bakinsa ko ba a gwada ba 😂

Malam Ƙarami: Kun kauce. Ba a amsa tambayar ba.

Yaya Mai Atamfa: Malam, a bari sai Juma'a. Ɗan Aboabo, shinkafar ta yi daɗi? Ina da suna mako mai zuwa, nawa yake karɓa?