An cire wa Corolla indomi, injin ya kama karkarwa

Mai Corolla: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Da ta rage ƙarfi a kan hanya, bakanike ya ce indomi, wato saƙar da ke tace hayaƙi a cikin salansa, shi ne ya toshe, ya yanke shi, ya sa mai walda ya haɗa bututu a gurbinsa. Tun daga ranar, duk sa'ad da na tsaya a danja injin yana karkarwa har sitiyari na rawa, wutar gargaɗi ta kama, shan mai kuma ya ƙaru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ba ni abin da ya cire ba. Ni a wurina cirewar ce ta lalata mini mota, kuma masu wannan aiki ɓarayi ne.

Bakanike daga Zariya: Wa alaikumus salam. Alhaji, kalmar ɓarayi ta yi nauyi a kan mutanen da ke wuni a ƙarƙashin motocinku cikin rana da baƙin mai. Da izininka aka yanke, ko kuwa a bayan idonka?

Direban haya: Izinin yankewa daban, izinin tafiya da kaya daban. Kowa ya san cewa a cikin saƙar nan akwai ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, kuma akwai masu bin gareji suna saye. Wanda ya riƙe kayan da ba nasa ba bai faɗa ba, wane suna za a kira shi da shi?

Bakanike daga Zariya: Malam direba, ku da kuke ƙara kuɗin mota ranar kasuwa, ban taɓa jin an kira ku da wannan suna ba.

Mai gyaran wutar mota: Ranka ya daɗe mai mota, ina roƙo a koma kan karkarwar. Cire indomi shi kaɗai ba kasafai yake hana injin zama daidai ba. Akwai sensa biyu a jikin salansa. Ta gaba ita ke gaya wa kwamfutar mota yadda za ta auna fetur da iska, ta baya kuwa babban aikinta lura da indomin ne, shi ya sa idan an cire shi take kunna wutar gargaɗi, na'urar duba mota kuma ta nuna lambar matsala P0420. Amma idan waldar ta bar ƙofa kusa da sensa ta gaba, iska za ta kutsa, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta riƙa ƙarawa; idan kuma zafi ya ƙona wayarta, kwamfuta ba za ta samu saƙon da ya dace daga sensar ba. A tayar da motar da sanyin safiya a saurari huci a wurin haɗin, a nemi baƙin tabo a gefen waldar. Sannan a tambayi abin da ya toshe indomin tun farko, domin fulogi ko koyil da ba ya ba da wuta yana tura ɗanyen fetur cikin salansa har saƙar ta narke. Idan haka ne, cutar tana nan tun kafin a yanka. A sa na'ura a duba: P0300 na nuna wuta na tsallakewa, P0171 kuma iska ta yi yawa, wanda a wannan injin sau da yawa gaskit ɗin bututun shigar iska ne ke jawo shi.

Bakanike daga Zariya: Mu tun kafin a kawo wannan na'ura muke gyara mota da kunne, kuma motocin suna zuwa Legas su dawo. Ku masu kwamfuta lamba kawai kuke karantawa ku karɓi kuɗi.

Mai gyaran wutar mota: Oga, kunne ba ya jin wayar da ta ƙone, kuma ni ban zagi kowa ba.

Direban haya: Har yanzu ba a amsa mini ba. Ina indomin Alhaji yake?

Mai Corolla: Ban janye kalmata ba sai ranar da aka dawo mini da kayana.

Shugaban zaure: Jama'a, za mu rufe a nan. A matsayina na wanda ya tashi a gareji, abin da na fahimta shi ne an tabbatar cewa cirewar ba ita ce ta jawo karkarwa ba, saboda haka laifin ba na bakanike ba ne, na rashin canza fulogi a kan lokaci ne. Maganar na'ura kuwa ra'ayi ne, wanda ya ga dama ya gwada. Ya kamata Alhaji ya nemi afuwar masu sana'a, batun kayan da aka cire kuma ya je su sasanta tsakaninsu.