Tsohon filin golf na St Andrews: me ya sa ba bishiya, sai yashi da iska?

Bakatsine:
Assalamu alaikum jama'a. Masana harkar golf, ina neman ƙarin haske. Filin St Andrews na ƙasar Sikotland, wanda ake nunowa a talabijin lokacin babbar gasar golf ta Open, bai yi kama da sauran filaye ba. Babu bishiya, ciyawar a bushe, ƙasar duk tudu da gangare, ga teku a gefe. Amma an ce can ne cibiyar wasan. Yaya tarihinsa yake, wa ya tsara shi haka? Sannan tunda mu ma jigawa gare mu daga nan Katsina har Daura, irin wannan filin zai yiwu a wajenmu?

Ɗan Kusugu:
Wa alaikumus salam. Malam, ba wani mutum guda da ya zauna ya zana filin nan. Yashi ne da iska ta tara a gaɓar teku, ƙasar da ba ta noma, sai kiwon tumaki da zomaye. Mutanen gari suka mayar da ita wurin shanya, kiwo da wasa. Tumaki ne suka riƙa aske ciyawar, inda kuma suka riƙa kwanciya don gudun iska ya ƙwaƙule ya zama gurbin yashi. Yau akwai irin waɗannan gurabe 112 a filin.

Wasan ya daɗe a ƙasar, domin a 1457 majalisar Sarki James na biyu ta hana shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda samari sun bar koyon harbin baka. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya tabbatar wa mutanen St Andrews a rubuce cewa suna da haƙƙin wasa a wannan fili. Kulob ɗin golf na garin kuwa sai 1754 aka kafa shi, manyan mutane 22 suka haɗa kuɗi aka ƙera sandar azurfa da za a riƙa gasa a kanta. A 1834 Sarki William na huɗu ya zama uban kulob ɗin, daga nan ya samu sunan Royal and Ancient. Ginin kulob ɗin da kake gani a bayan ramin ƙarshe na 1854 ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lissafin ramukan da ake buga ƙwallo ta faɗa ciki. Filin siriri ne, don haka ana tafiya ne a miƙe zuwa bakin kogin Eden, a juyo ta hanya ɗaya. Da can 11 ne a tafiya, 11 a dawowa, 22 ke nan. A 1764 aka ga huɗun farko sun yi gajarta, aka haɗe su suka koma biyu, sai lissafin ya zama tara da tara. Wannan 18 ɗin ita duniya ta ɗauka daga baya. Har yanzu farfajiyoyi bakwai, wato shimfiɗaɗɗun wuraren da ke kewaye da rami, manya ne masu ramuka biyu-biyu, kuma idan ka haɗa lambobinsu 18 suke bayarwa: 2 da 16, 3 da 15, har zuwa 8 da 10. Rami na 1, na 9, na 17 da na 18 ne kawai kowanne da tasa farfajiyar.

Na Ƙofar Sauri:
Allah ya saka, Ɗan Kusugu. Akwai abu biyu da ya kamata a ƙara, don mutane na yawan ruɗewa a kansu.

Filin ba na kulob ɗin ba ne. Na jama'a ne, kuma wata hukumar amintattu da doka ta kafa a 1974 ke kula da shi. Wanda ba ɗan kulob ba yana iya wasa idan ya cika sharaɗi, galibi ta hanyar ƙuri'a saboda yawan masu nema. Ranar Lahadi ma ba a wasa in ba babbar gasa ake ba, filin hutawa yake, mutanen gari su shiga yawo da iyalansu. Wannan haƙƙi ba a banza ya tsira ba. A 1797 majalisar gari ta shiga matsin kuɗi ta sayar da filin, ya faɗa hannun masu kiwon zomaye. Zomaye suka riƙa haƙe wurin wasa, aka yi ta shari'a da rigima, har 1821 da James Cheape ya saye ƙasar ya bar ta ga 'yan golf. Sai 1894 ta koma hannun gari.

Na biyu, dokokin golf na farko da aka rubuta guda 13 ba a nan aka yi su ba, a Leith ne kusa da Edinbara, 1744. Gasar Open ma a Prestwick ta fara a 1860, ba ta zo St Andrews ba sai 1873. Girman kulob ɗin ya kafu ne a 1897, lokacin da sauran kulob-kulob suka bar masa ragamar dokokin wasa. Mata kuwa ba a amince su zama mambobi ba sai 2014, kuma a ganina jinkirin ya yi yawa.

Mai Lambu daga Ajiwa:
Alhaji Bakatsine, bari in taɓa ɓangaren ƙasa da ciyawa, don a nan amsar tambayarka ta biyu take.

Bushewar da kake gani da gangan ce. Ciyawar can siririya ce mai zurfin saiwa, ba ta son taki, ba ta son ruwa da yawa. Tsoho Tom Morris, wanda ya riƙe filin kusan shekara arba'in har zuwa 1903, maganinsa kullum shi ne a ƙara yashi. Ana tankaɗe shi, a watsa sama-sama, a share da tsintsiya ya shige tsakanin ganyen. Haka ƙasa ke yin tauri, ruwa ya riƙa wucewa, ƙwallo ta riƙa gudu a ƙasa maimakon ta nutse. Idan aka cika ban ruwa da taki, saiwa ta tsaya a sama, mataccen ganye ya taru kamar katifa, baƙuwar ciyawa mai laushi ta kori ta asali. Filin zai yi kore shar a hoto amma ya lalace.

Bangon gurbin yashi kuma gini ne. Ana yanko ciyawa da ƙasarta fale-fale, a jera sahu kan sahu kamar tubali, kowane sahu a ja shi baya kaɗan, a daddage bayansa da ƙasa. In an miƙar da shi tsaye sosai zai zube, in an kwantar da shi da yawa iska za ta kwashe yashin. Bayan 'yan shekaru sai an rushe an sake, musamman wanda ke kallon rana.

A wajenmu yashin akwai, iskar ma akwai lokacin hunturu. Abin da babu shi ne sanyi da yayyafin duk shekara. Waccan ciyawar ba za ta kai ƙarshen Afrilu da rai ba. Kiri-kiri ita ce tamu, tana jure zafi da taku, amma a farfajiyar rami sai da rijiyar burtsatse daga Nuwamba zuwa Mayu. Shi ya sa tsofaffin filayen Arewa suka yi amfani da farfajiyar yashi: a daddaɓe ƙasa, a shimfiɗa tankaɗaɗɗen yashi da aka cuɗa da mai, a ja buhu ko tabarma a kai kafin kowa ya buga. Mai ya yi yawa, ƙwallo ta maƙale. Ya yi kaɗan, iska ta tafi da yashin. Baƙin man mota kuma yana gurɓata ƙasa da ruwan rijiya, a guje shi kusa da gonaki. Faɗin ramin ɗaya ne ko'ina, inci huɗu da kwata, milimita 108.

Babbar matsalar jigawarmu ƙarangiya ce. A tuge ta a tsakiyar damina kafin ta yi ƙaya, don in ta zubar da iri aikin baɗi ya ninka. Kada kuma a sare gawo ko aduwa don kwaikwayon St Andrews, su ne ke riƙe mana yashin.