Shin agogon jikin Bahaushe daban yake da na mutanen Norwe?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masana ilimin halittu da likitocin da ke wannan zaure ce, amma duk wanda ya taɓa zama a ƙasashen sanyi ina son jin ta bakinsa.

Wata goma sha huɗu ke nan ina Tromso, can ƙuryar arewacin Norwe, ina digiri na biyu a fannin kiwon kifi. A garin nan daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan. Wajen sha ɗaya na safe sama takan yi shuɗi-shuɗi kamar bayan magariba a gida, kafin ƙarfe biyu da rabi duhu ya sake rufe gari. Daga wajen 20 ga Mayu kuwa har ƙarshe-ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa. Na taɓa fitowa daga ɗakin karatu ƙarfe ɗaya na dare na tarar da rana tana ƙyalli a kan teku, wani dattijo yana wanke motarsa a ƙofar gida.

A Kano ni mai sammako ne tun ina yaro. Kiran assalatu na farko a farke yake samuna, ban taɓa sa ƙararrawar waya don Asuba ba. Amma tun da duhun bana ya shigo barcina ya wargaje. Nakan kwanta sha ɗaya, idona biyu har ukun dare, ina jin motar da ke share ƙanƙara tana wucewa a ƙarƙashin tagata. Kullum lokacin barcin ƙara matsawa gaba yake yi. A irin waɗannan watanni jadawalin Makka muke bi wajen salla, kuma a makon jiya sau uku ina makara Asuba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya ce mini, ba da wata mummunar manufa ba, wai su kakanninsu sun daɗe a nan, jikinsu ya gaji juriyar duhu, mu kuwa 'yan kusa da tsakiyar duniya ba a gina jikinmu don nan ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Shin da gaske ne agogon jiki gadonsa ake yi, kuma ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma? Ina tambaya ne saboda maiɗakina da 'yarmu mai shekara uku za su biyo ni a watan Agusta in Allah ya yarda. In abin a jini yake, ina tsoron in kawo yarinya inda jikinta zai riƙa wahala.

Maman Ilham:

Wa alaikumus salam ƙanina. Sannu da haƙuri. Ina koyar da ilimin gado, to bari in faɗa maka abin da ke cikin maganar abokinka na gaskiya, sannan inda ya zarce.

Agogon jiki abu ne na zahiri. A ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyi kimanin 20,000, shi ne shugaban agogon. A cikin kowace ƙwaya akwai ƙwayoyin gado da ake kira CLOCK da BMAL1 da PER da CRY. Biyun farko suna tayar da biyun ƙarshe. Sinadarin da PER da CRY ke haɗawa yana taruwa, in ya yi yawa sai ya koma ya toshe hanyar da ta samar da shi, sannan a hankali ya narke, a sake daga farko. Zagaye ɗaya yana cin kusan awa 24. A jikin ƙudan 'ya'yan itace aka fara gano bakin zaren wannan tun 1971, kuma a kansa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka karɓi kyautar Nobel a 2017.

Ana gadonsa kuwa? Ana yi. A 2001 an bayyana wani dangi a jihar Yuta ta Amurka masu wani sauyi a PER2, barci na kwashe su tun da farkon dare, su farka wajen huɗun asuba. Amma irin wannan ɗaiɗaiku ne. Ga yawancin mutane abin a warwatse yake: wani bincike na 2019 a kan mutane kusan 700,000 ya gano wurare 351 a cikin DNA da ke da hannu a zama mai sammako ko mai kwanan jinkiri, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙani.

Batun bambancin al'ummomi kuma, ba sai mun je nesa ba don mu gane yadda muhalli ke tace gado. Sikila ta yawaita a wajenmu ne saboda mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sai masu ɗauke da ita suka fi rayuwa su haihu. Haka masana ke tambaya game da agogo. A Kano tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Mutanen da suka fita daga Afirka shekaru kimanin 60,000 da suka wuce sun shiga ƙasashen da yini ke miƙewa ya ƙanƙance da sauyin yanayi. A 2014 wasu masana a Italiya sun duba al'ummomi sama da 50, suka ga yawan wasu nau'o'in ƙwayoyin gado na agogo yana tafiya da yadda tsawon yini ke sauyawa a ƙasar kowace al'umma. A ƙarshen 2023 kuma ƙungiyar John Capra a Amurka ta nuna cewa daga cikin ɗan gadon da Turawa suka samu daga mutanen Niyandatal, wani tsohon jinsin mutane da ya ƙare, waɗanda suka yi dubban ɗaruruwan shekaru a Turai da Asiya, ɓangarorin da suka shafi agogo galibi suna karkata mutum ne zuwa sammako.

To ka ga abokinka bai ƙirƙiri maganar ba. Amma daga nan zuwa cewa "ba a gina jikinku don nan ba" akwai tafiya mai nisa.

Bagobiri:

Malama ta yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Ni dai ina so in ja birki kaɗan, domin irin wannan magana tana saurin zama hujjar raina mutane.

Tun 2008 an yi wani bincike da ya kwatanta ƙwayoyin agogo a al'ummomin duniya. Sun ga bambanci, amma suka ce ya fi kama da abin da ƙaura da rarrabuwar jama'a ke haifarwa bisa katari, ba lallai muhalli ne ya zaɓa ba. Idan mutum ɗari suka tashi daga gari suka kafa sabon ƙauye, abin da ke jininsu shi zai yaɗu a ƙauyen, ko yana da amfani ko ba shi da shi.

Sannan ka dubi girman bambancin. A jami'ar Rush da ke Chicago, Charmane Eastman ta auna tsawon zagayen agogon jikin mutane a ɗakin da aka raba su da hasken rana. A sakamakon 2015, na baƙaƙen Amurka ya kama awa 24.07, na fararen kuma 24.33. Wato kimanin minti 16, a kan mutane 'yan gomomi. Kai kuma barcinka ya goce da awa huɗu. Minti 16 ba za su haifar da awa huɗu ba. Kuma ka lura, wannan sakamakon yana cewa agogon Turawa ya fi tsawo, wanda ke jan mutum zuwa kwanan jinkiri, shi kuma na Niyandatal yana cewa gadon arewa sammako yake kawowa. Su kansu masanan ba su gama daidaita waɗannan biyun ba. Ga kuma babbar matsala: akasarin manyan binciken nan a kan Turawan Birtaniya aka yi su, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Baƙin Amurka ma ba Bafagge ba ne.

Hajiya Mai Jinya:

Ɗana, shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a arewacin Suwidin, na haifi biyu a nan. Ka je ka tambayi abokin naka yadda shi yake barci a Disamba. An taɓa kwatanta ɗalibai a Akara ta Gana da ɗalibai a Tromso ɗin da kake, an buga a 2012. Na Gana barcinsu bai sauya da watanni ba. 'Yan Norwe kuwa, a ƙasarsu, da duhu ya shigo sai lokacin barcinsu ya ja baya, rashin barci da kasala suka ƙaru. Abin da ke damunka yana damun su.

Dalilin shi ne agogon yawancinmu ya ɗan haura awa 24, kuma hasken safiya ne ke saita shi kullum. A Fagge kana dawowa daga masallaci gari na wayewa a idonka. Nan babu wannan, sai hasken waya da kwamfuta da dare, shi ya sa kake ta zamewa gaba.

Ka sayi fitilar safiya da ke kwaikwayon hasken rana, mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne). Ka tashi lokaci ɗaya kullum ko da ba ka ƙoshi da barci ba, ka zauna gabanta minti 30 kana karyawa. Kada ka kunna ta da yamma. In gari ya yi shuɗin nan na tsakar rana, fita ka taka ko da na minti ashirin ne. Shayi da gahawa su tsaya daga Azahar. Ka kuma sa likita ya duba maka bitamin D, mu masu duhun fata yana saurin yi mana ƙasa a nan. In bayan mako uku babu sauƙi, ko ka ji zuciyarka na yin nauyi, ka koma wurinsa ka faɗa masa komai.

Yarinya kuwa, ka tanadi labule mai kauri na ɗakinta tun kafin su iso, don a Agusta dare bai gama dawowa sosai ba. Nawa biyun ƙarfe takwas suke barci, rani da damina.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Maman Ilham, na karanta bayaninki sau uku. Malam Bagobiri, lissafin minti 16 da awa huɗu ya sauke mini wani nauyi daga ƙirji.

Hajiya, na yi yadda kika ce, na tambaye shi. Shiru ya yi, sannan ya ce mahaifiyarsa, wadda aka haifa a wani ƙauyen masunta arewa da nan, tana da irin fitilar a kan teburin cin abincinta shekara da shekaru. Washegari ya kawo mini tasa aro.

Yau kwana tara ina zama gabanta ƙarfe bakwai da kofin kunun gyaɗa da maiɗakina ta haɗo mini garinsa. Kwana huɗun farko ban ga komai ba sai ciwon kai kaɗan. Daren jiya barci ya ɗauke ni kafin ɗaya, kuma na samu Asuba a kan lokaci kwana biyar a jere. Sun ce ranar 21 ga Janairu rana za ta leƙo ta saman duwatsun kudu, yara 'yan makaranta su fita tarbarta da wani burodi mai zaƙi. Na riga na auna tagar ɗakin da yarinyar za ta kwana, gobe zan je neman labulen.